Libarbar Kolt da Awon Raminta

Duk wanda ya san bindigar toka ya san aibinta guda: in an harba sau ɗaya, sai an tsaya an sake ɗura albarushi. Wannan ne ya dami Sama'ila Kolt, mutumin Amurka, har ya ƙago libarba mai 'yar ganga a tsaka, wadda aka huda wa ramuka, kowane rami da nasa albarushi da harsashi. In an ɗana kunama sai gangar ta juya, ta kawo sabon rami daidai gindin bututu. A 1836 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan dabara.

To, amma juyawar ganga ba ita ce wuyar aikin ba. Wuyar tana wajen awo. Harsashin dalma ne, kuma da gangan akan yi shi ya ɗan ɗara bakin ramin girma, don in an danna shi ciki bakin ya aske masa siririn zobe, ya toshe ramin ƙam. Ita libarbar da ake kira Navy ta 1851, sunanta mai inci .36, amma harsashinta ya kai .375 ko .380. In harsashi ya yi sako-sako, wutar rami ɗaya takan tsallaka ta kama na kusa, biyu ko uku su tashi gaba ɗaya a hannun mai harbi. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bindigogin Kolt na fari sun sha wannan masifa, don haka ya fiƙe bakunan ramukan su karkatar da wuta, a 1839 kuma ya ƙara wani ƙarfe a ƙarƙashin bututu na danna harsashi.

Lokacin yaƙin Amurka da Meziko, a 1847, Kolt da wani hafsa, Kyaftin Woka, suka fito da ƙatuwar libarba mai nauyin kilo 2, mai cin albarushi kusan giram 4 a kowane rami. An ƙera 1,100, amma wajen 300 aka komo da su gangar ta fashe, domin ƙarfen bai kai ƙarfin albarushin ba. Da shekara ta kewayo sai aka rage tsawon ganga, aka rage awon albarushi.

A 1849 Kolt ya ɗauki wani gwanin injuna, Ilaisha Rut, ya shugabanci masana'antarsa ta Hatfod. Shi ya tsara aikin yadda inji zai huda ramuka bai ɗaya, kāna a gwada kowane yanki da ma'aunin ƙarfe kafin a harhaɗa. Abu biyu ake nema. Na ɗaya, rami ya tsaya sambal da bututu, kada harsashi ya bugi gefe ya fesa dalma. Na biyu, kada faɗin rami ya kasa na bututu. Cikin bututu akwai zanen kwari a murɗe mai sa harsashi ya yi ta juyi. In rami ya matse harsashi fiye da kima, ba ya cika kwarin, sai iska mai zafi ta wuce ta gefe, harbi ya kauce.

Daga 1873 Kolt mai harsashin kwanso ta gaje wurin, aka bar ɗura ta baki. Amma tun wajen 1959 maƙeran Italiya suke kwaikwayon tsofaffin, masu sha'awa suna saye. Mai hankali a cikinsu, kafin ya harba, yakan tura dalma mai taushi ta ratsa bututu, ya auna faɗinta, sa'an nan ya kai ta bakin kowane rami. In ta shige da ɗan turi, awo ya yi. In ta ƙi, ramin ya ƙuntata, sai a kai wa maƙeri ya buɗe shi.