Hutun Da Na Yi A Bakin Teku

Mu a Yasore, dogon hutun makaranta da damina yake faɗowa, don haka hutun namu kai abinci gona ne da tsinkar tafasa. Babban ruwan da na sani shi ne kududdufi. Sai wata shekara Goggona da ke aure a Agege ta roƙi Baba ya ba ta aron ni. Da kyar ya yarda.

Ranar wata Lahadi mijinta ya kwashe mu sai Badagry, garin Egun, kusa da iyakar Binin. Ke 'yar uwa, ruwa ne ba gaɓa! Ga kwakwa jere, ga masunta suna jan taru, ga dodonsu Zangbeto mai kama da bukkar ciyawa yana juyi. Wallahi bayan Goggo na ɓuya.

An nuna mana benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Nijeriya. Mu da muka san hasumiyar Gobarau, murmushi kawai muka yi. Daga garin ne kuma Bature Clapperton ya kamo hanyar Sakkwato a 1825, can ya mutu a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Bello.

Dariyata ta ƙare ne da muka haye kwalekwale zuwa Gberefu. Nan ake kora bayi cikin rairayi har bakin jirgi. Akwai rijiya a hanya, wai wanda ya sha ruwanta ya manta gida. Na ɗauka labarin wasu ne, sai mijin Goggo ya ce ai har da namu. Yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun sa an yi ta gangaro da kamammu kudu, hannu zuwa hannu, a sayar wa masu jirgi a irin waɗannan tashoshi. Da yawa Bahia aka kai su, a Barazil. A 1807 Hausawan can suka ƙulla tawaye, aka tona asirinsu. A 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka tashi a birnin Salvador, yawanci Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci, irin wanda Inna ta ɗaura mini da zan taho.

Na shafa wuyana, na ji layata na nan. Goggo ta miƙo mini kwakwa, na kasa ci. Muka juyo kafin la'asar, don mai kwalekwale ya ce ba ya jira.