“Da Sauƙi”: Riƙon Labari da Tallafin Ma'aurata a Jinyar Ajalin Iyaye

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda miji ko mata ke tallafa wa abokin zama lokacin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke jinyar ajali. Ta yi jayayya da masu ganin cewa ginshiƙin tallafin shi ne a zauna a amayar da abin da ke zuci. A gidan Bahaushe, abin da ya fi nauyi shi ne labarin jikin maras lafiya: wa aka gaya wa, kuma yaushe ya isar.

Waiwaye

Erich Lindemann, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, shi ya fito da batun juyayin gabanin rasuwa a 1944. Ya lura da matan sojojin da suka gama makokin mazajensu tun suna fagen daga, har wasu mazan suka dawo suka tarar babu sauran gurbinsu a zuciya. Wannan ba abin musu ba ne, duk wanda ya yi doguwar jinya ya san ana fara kuka tun da rai.

Inda gizo ke saƙa shi ne littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969, mai matakai biyar: musu, fushi, ciniki, ƙunci da sallamawa. Ta tsamo su ne daga hira da masu jinyar ajalin kansu, ba danginsu ba, amma masu ba ma'aurata shawara suka ɗauke su tamkar awo. Sai ka ji ana cewa matar da ta amsa “da sauƙi” alhali mahaifinta ya daina cin abinci tana matakin musu, don haka mijinta ya lallaɓa ta har ta furta gaskiya. Wannan fassara ta jahilci harshen. Bahaushe yana cewa “da sauƙi” ko da ana ɗiga wa maras lafiya ruwa da cokali, domin amsar ladabi ce ga Ubangiji, kuma mai faɗa da mai ji duk sun san haka. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa haƙuri da kunya cikin ɗabi'un da Hausawa ke auna mutum da su. Wanda bai sa su a ma'auni ba zai ga cuta inda babu ita. Ra'ayin Stroebe da Schut na 1999, cewa mai juyayi yana kai-kawo tsakanin tunanin rashi da hidimar yau da kullum, ya fi kusa da abin da ake gani.

Hanyar Bincike

An bi lafuzzan gaisuwar dubiya, da hukuncin ziyarar iyaye a fiƙihun Malikiyya, da abin da mai binciken ya gani a jinyoyin dangi da maƙwabta a Kano.

Suruki a Matsayin Mai Riƙon Labari

Lafuzzan dubiya hawa-hawa ne. Daga “da sauƙi” sai “jikin dai sai a hankali”, sai “sai addu'a”. In aka kai ga “ana nemanki a gida”, sau da yawa an riga an fara haƙa kabari. Abin lura shi ne wanda ake gaya wa hawa na gaskiya. Ba a cika kiran 'yar da ke gidan aure kai tsaye ba. Mijinta ake kira. Yana da kusancin da za a amince masa, yana kuma da nisan da ba zai zube ba. Surukuta, wadda ta hana shi haɗa ido da uban matarsa ko cin abinci a gabansa, ita ce ta mayar da shi ma'ajin sirrin mutuwarsa.

Mai binciken ya taɓa riƙe wannan amana, kuma bai riƙe ta da kyau ba. Surukinsa na kwance a wani asibiti, 'yan jinya sun shimfiɗa tabarmi a baranda, ga filas ɗin kunu da kwanukan da ba a buɗe ba. Ranar Talata yayan matarsa ya ja shi gefe ya ce, “Malam, likita ya ce sai addu'a. Amma kada ka gaya mata tukuna, ka san tana da goyo.” Ya koma gida ya ce da sauƙi. Ya yi duk abin da littattafan shawara ke so: ya zauna da ita, ya saurare ta, ya ɗauke mata kai yara makaranta. Ranar Alhamis da ya kai ta, tsohon ya daina magana. Bayan sadakar bakwai ta ce masa, ba tare da ɗaga murya ba, “Da ka faɗa mini ranar Talata, da na nemi gafararsa ya amsa.”

A nan hujjar maƙalar take. Abubuwan da ɗa ko 'ya ke nema a kwanakin ƙarshe sanannu ne: a yafi juna, a ji wasiyya, a san bashin da ke kan mahaifi, a samu albarkar bakinsa, in da rabo a kasance cikin masu laƙƙana masa kalmar shahada. Dukkansu suna buƙatar maras lafiya yana cikin hayyacinsa. Ɓoye labari don tausayi yana sayen kwanciyar hankalin kwana biyu da abin da ba ya dawowa. Ba a ce miji ya faɗo da maganar kamar tubali ba. Harshen ya tanadi hanya. “Shirya mu je yau, kada mu bari sai gobe” ta isa, mai hankali za ta gane.

Izini da Hidima

Labari ba shi da amfani in ƙofa a rufe take. Muhtasar na Halil, wanda malaman zaure ke karantarwa, ya tafi a kan cewa ko miji ya rantse matarsa amintacciya ba za ta ziyarci iyayenta ba, ana sa shi ya karya rantsuwar. Mijin da ke ƙirga wa matarsa kwanakin jinya al'adarsa yake bi. Ta ɗaya ɓangaren, in uwar miji ce a kwance, matar ce ke dama kunu, ta yi wanki, ta juya ta a shimfiɗa, amma ranar ta'aziyya ita ke raba ruwa ana gaishe da wasu. Kenneth Doka ya yi magana a 1989 kan irin wannan juyayi da jama'a ba su ba shi wurin zama ba.

Iyakar Binciken

Za a ce misalan na birni ne, kuma na gidajen Musulmi, kuma mai binciken yana da hannu a ciki. Haka ne. Akwai kuma mai hawan jini ko tsohon ciki wadda jinkirta mata labari ke da dalili. Wayar hannu ma ta fara ƙwace wa suruki wannan matsayi, domin yanzu mace kan ga hoton mahaifinta da “Inna lillahi” a WhatsApp ɗin dangi kafin mijinta ya gama shawarar yadda zai faɗa.