Bel ɗin kujerar motar gona: yadda za ka gano matsalarsa, da yadda ake sauya shi

Idan kana da bas da kake kai amfanin gona kasuwa da ita, ko kake ɗiban ma'aikata zuwa gona, to ka san irin wahalar da take sha. Yau taki, gobe buhunan masara, jibi kaji. Ana kula da taya da birki da baƙin mai, amma bel ɗin kujera ba mai waiwayarsa sai an hango 'yan Rod Sefti, sannan a jawo shi a rataya a kafaɗa. Matsalar ita ce, bel ɗin da ba ya kullewa ado ne kawai. Ranar da ake buƙatarsa ba zai riƙe kowa ba.

Me ya sa abin ya kai a damu da shi?

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa ɗaya, idan ta daki abu ta tsaya nan take, jikin mutum yana ci gaba da tafiya da wannan gudun. Bugun da zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Ba hannun da ke iya tokare wannan. A bas irin su Hiace kuwa direba yana zaune ne dab da gilashin gaba, ba dogon hanci a gabansa da zai shanye bugun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar direba da na gefensa da kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A Najeriya kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura shi tun watan Janairun 2003.

Sassan bel da aikin kowanne

Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda kamfanin Volvo ya fara sakawa a motocinsa a 1959, yana da waɗannan sassa:

1. Ƙyallen bel: saƙar zaren roba ce mai ƙarfi, faɗinta ya kusa santimita 5.

2. Akwatin naɗewa: yana ɓoye a gindin ginshiƙin da ke bayan ƙofar gaba. A cikinsa akwai sifirin mai mayar da ƙyallen, da abin kullewa iri biyu. Ɗaya yana kamawa idan aka fizgi bel da sauri. Ɗayan ɗan ƙwallon ƙarfe ne da ke gusawa idan mota ta ci birki da ƙarfi ko ta karkace, sai ya kulle bel ɗin.

3. Harshen ƙarfe da makulli mai jan maɓalli, wanda ake zura harshen a ciki.

4. Zoben sama, inda ƙyallen ke bi ta saitin kafaɗa, da notin ƙasa da ya ɗaure ƙarshen bel a jikin mota.

5. Na'urar fizga: motocin zamani masu jakar iska suna da ita. Tana ɗauke da ɗan abin fashewa mai kama da albarushi, wanda ke tashi a lokacin haɗari ya janye bel ya manne a jiki. Sau ɗaya take aiki. Za ka gane ta da soket ɗinta mai launin rawaya.

Abubuwan da ke kashe bel a motar gona

Ƙurar hunturu da gumi suna haɗuwa su daskare a ƙyallen, ya yi tauri ya ƙi komawa. Ƙwayar gero, ɓawon gyaɗa ko tsakuwa kan faɗa cikin makulli. Ɓera ma, idan ya saba samun hatsi a mota, yakan ɓarɓashi ƙyallen. Takin zamani da ya zube a ƙasan mota yana jawo laima, ya sa tsatsa ta ci ƙarfen da notin bel ke ɗaure a kai. Ruwan batir da maganin feshi suna raunana zaren, zafin rana kuma yana busar da shi. Sai kuma ƙofa, wadda ke datse bel kullum idan ba ya komawa.

Gwajin minti biyar

Ka ajiye motar a wuri mai baje, ka kashe ta, sannan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Ka jawo ƙyallen gaba ɗaya har ƙarshe, kana shafa shi da yatsu, ciki da baya. Nemi yanka, zare da ya warware a gefe, hudar wuta, ko wurin da ya koɗe ya yi tauri. Ka duba ɗinkin da ke kusa da notin ƙasa.

Ka sake shi. Ya kamata ya koma da kansa ba sai ka tura ba.

Ka jawo shi kaɗan sannan ka fizga da ƙarfi. Dole ya cije nan take. Ka maimaita sau uku.

Ka zura harshen a makulli. Ya kamata ka ji ƙas. Ka ja da ƙarfinka, ka girgiza shi hagu da dama, kar ya fita. Ka danna maɓallin, harshen ya yi tsalle ya fito da kansa.

Ka kama makullin da zoben sama ka jijjiga. Idan suna lilo, ko ka ga tsatsa ta ci ƙarfen da ke kewaye da noti, akwai aiki.

Daga ƙarshe ka kunna mota ka kalli fitilar da aka rubuta SRS ko mai hoton mutum da jakar iska. Takan kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. Idan ta zauna a kunne, akwai matsala a tsarin.

Abin da kowace alama take nufi

Bel yana komawa a hankali ko ya tsaya a hanya: sau da yawa datti ne. Jawo shi duka, ka maƙale shi da abin shanya kaya don kar ya koma, ka wanke da sabulu mara kaifi da ruwan ɗumi, ka goge zoben sama. Bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin ka sake shi. Kar ka sa fetur, kalanzir ko bilic, suna cin zaren. Idan bayan wanki bai canza ba, sifirin ya gaji, sai sauyi.

Bel ya ƙi fitowa: duba ko motar a karkace take, domin a kan gangara akwatin yakan kulle, kuma wannan ba lalacewa ba ce. A wuri mai baje, bar ƙyallen ya koma kaɗan, sannan ka ja a hankali. Duba ko ya murɗe a bakin zobe. Idan ya ƙame ƙam bayan mota ta yi karo, to na'urar fizga ta tashi, bel ɗin ya gama aiki.

Makulli ba ya kamawa: haska tocila ciki, ka hure shi da iskar famfon taya. Kar ka ɗura masa girisi ko baƙin mai, ƙura za ta manne ya ƙara lalacewa. Idan bayan hurewa yana kamawa yau ya saki gobe, sauya shi.

Bel ba ya cijewa idan an fizga: wannan ba shi da gyara. Sauyi kawai.

Fitilar SRS a kunne: ta yiwu soket ɗin da ke ƙarƙashin kujera ya saki, ko waya ta tsinke. Kai wa mai wayarin da ke da kwamfutar duba mota. Kar a sa mita ko fitilar gwaji a wayoyin rawayan nan, ƙaramar wuta tana iya tayar da na'urar.

Abubuwan da ba a yi

Ba a kai bel wajen tela ko mai gyaran takalmi a ɗinke. Ba a ƙulle shi, ba a yi masa ƙari. Zare da ɗinkin kamfani an gwada su da nauyin da ya haura tan ɗaya, na kasuwa ba zai ɗauka ba. Ba a buɗe murfin sifirin, zai iya fallowa ya ji maka ciwo a ido, kuma ba ya komawa yadda yake. Duk bel ɗin da mutum ke ɗaure da shi lokacin haɗari mai ƙarfi, a sauya shi ko da ido bai ga komai ba, domin zaren ya riga ya miƙe.

Sayen wani

Kowane bel yana da takardar ƙyalle a ƙarshensa na ƙasa, mai ɗauke da lambobinsa. Ɗauki hotonta a waya, ka rubuta lambar jikin mota da shekarar ƙirarta. Na hagu daban, na dama daban. Harshe da makulli ma dole su zama na gida ɗaya. Na wata mota yana iya shiga har ya yi ƙas, amma bai kama da kyau ba.

Sabo ya fi. Idan aljihu bai kai ba sai na hannu, a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, to ka tafi da tsohon naka a gwada su gefe da gefe. Ka riƙe akwatin a tsaye kamar yadda yake zama a mota, ka ja a hankali ya fito, ka fizga ya cije, ka karkata shi ya kulle. Ka guji wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, da mai tsatsa ko alamar ruwa ya shige shi. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Yadda ake sauyawa

Idan bel ɗin yana da soket mai launin rawaya kuma ba ka saba da aikin ba, bar wa makanike, kai dai ka tsaya ka ga an bi matakan nan.

1. Kashe mota, ka zare makullinta, ka cire kan batir na nagetif. Jira kafin ka taɓa komai. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90. Ka ba shi minti 10 ba ka yi asara ba.

2. Tura kujera gaba, ka ɓalle robar da ta rufe ginshiƙi a hankali. Ɗauki hoton yadda komai yake: hanyar da ƙyallen ya bi, da jerin washa a kowane noti.

3. Ɗaga ɗan makullin da ke kan soket mai rawaya, sannan ka zare shi. Kar ka ja ta waya.

4. Kwance notin ƙasa, sai na zoben sama, sai na akwatin naɗewa. A motocin Toyota yawanci sifana mai lamba 14 ce.

5. Duba ramukan notin. Idan haƙoran sun cinye ko tsatsa ta huda ƙarfen, tsaya nan. Sai ƙwararren mai gyaran jikin mota ya gyara wurin tukuna.

6. Zaunar da sabon akwatin a tsaye, ɗan haƙorinsa ya faɗa cikin raminsa. Idan ya karkace, ko dai ya riƙa kullewa ba dalili, ko ya ƙi kullewa lokacin da ya dace.

7. Bi da ƙyallen ta zoben sama ba tare da ya murɗe ba. Fara ɗaura kowane noti da hannu, sannan ka ƙarasa da sifana mai awo. Yawancin motoci suna tsakanin Nm 35 zuwa 50, amma bi abin da littafin motarka ya ce. Yi amfani da notin bel na asali. Haƙoransa da ƙarfinsa daban suke da na notin da ake tsinta a shago. Bayan ɗauri, zoben sama ya riƙa juyawa.

8. Idan har da makulli za a sauya, yawanci a gefen kujera yake ɗaure, da 'yar wayarsa ta fitilar gargaɗi.

9. Mayar da soket ka danne makullinsa, ka mayar da roba. Ka tabbata ba kowa a cikin mota sannan ka haɗa batir.

Bayan an gama

Maimaita gwajin minti biyar ɗin nan. Sannan ka sami fili da ba mutane ba dabbobi, ka ɗaura bel, ka yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15 a awa, ka taka birki da ƙarfi. Ya kamata ka ji ya riƙe ƙirjinka. Idan fitilar SRS ba ta mutu ba, a koma wa kwamfuta.

Tsohon bel kuwa, yanke ƙyallensa don kar wani ya tsince shi ya sayar. Idan na'urar fizgarsa ba ta tashi ba, kar a jefa shi a wuta, kar a bar wa yara, kar a sare shi da guduma. Mayar wa makanike.

Abu na ƙarshe: bel yana riƙe mutum ne, ba ya tare kayan da ke bayansa. Buhu mai kilo 100 da ba a ɗaure ba zai taho gaba da irin gudun da motar take yi. Jera masu nauyi a ƙasa, ka matsa su jikin shingen da ke bayan kujera, ka ɗaure da igiya mai kyau. Ka sa gwajin bel cikin abubuwan da kake dubawa duk lokacin juyen baƙin mai, musamman gab da kaka, lokacin da motar za ta fi yawan hawa titi. Allah ya tsare hanya.