Hatimi, Ƙaro da Lokaci: Tarihin Katin Gaisuwa na Hannu

A ƙarshen shekarar 1843, wasiƙun gaisuwar Kirsimeti sun taru a kan teburin wani ma'aikacin gwamnati a birnin Landan mai suna Henry Cole, kuma ba shi da lokacin amsa su. A Ingila ta wancan zamani, barin wasiƙa ba amsa rashin ladabi ne babba. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne, da hannunsa a cikin abin da ya jawo masa wannan nauyi. Yana cikin waɗanda suka taimaka wa Rowland Hill wajen sauya tsarin gidan waya a 1840, inda aka mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina a ƙasar, aka kuma fito da kan sarki na farko a duniya. Cikin shekara guda yawan wasiƙu ya ninka fiye da sau biyu.

Dabarar da ta zo wa Cole ita ce ya nemi abokinsa, mai zane John Callcott Horsley, ya zana masa hoto guda da gajeriyar gaisuwa, a bar gurbin sunan mai aikawa da na wanda za a aika wa. Aka buga kwafi 1,000 a maɗaba'a. A tsakiyar katin akwai iyali suna shagalin biki, a gefe da gefe kuma ana ciyar da mayunwata ana tufatar da marasa sutura. Waɗanda suka rage bayan Cole ya ɗebi nasa aka sayar da su sule ɗaya kowanne, wato ninki goma sha biyu na kuɗin aika wasiƙar kanta. Masu yaƙi da shan giya sun yi tir da shi, domin a cikin hoton ana ba ƙaramin yaro ya kurɓa. Yau ɗan kaɗan ne suka rage, kuma a 2001 an yi gwanjon ɗaya a kan fiye da fam 20,000.

Ke nan katin gaisuwa na kasuwa an haife shi ne domin a rage wa mai gaisuwa wahala. Wanda ya duba yadda dubban mutane a Amurka, Turai da Japan suke zama a yau su shafe awa biyu a kan kati guda, da hatimin roba da buroshi da fentin ruwa, zai ga cewa tarihi ya yi zagaye ya dawo ta bayan gida. Yadda aka yi wannan zagaye shi ne labarin da ke tafe.

Hannu a cikin injin

Katin Cole bai rabu da hannu gaba ɗaya ba. Layukan zanen kawai injin ya buga, launukan kuwa mutum ne ya zauna ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Layi daga maɗaba'a, launi daga buroshi: wannan rabon aiki shi ne ainihin abin da mai hatimin roba yake yi a gidansa yanzu.

A Amurka ma da hannu aka fara. Esther Howland, 'yar wani mai sayar da kayan rubutu a garin Worcester na jihar Massachusetts, ta soma haɗa katunan ranar masoya a ƙarshen shekarun 1840 da takarda mai kama da leshi da ƙananan hotuna. Ɗan'uwanta ya tafi da samfuri yawon talla, ya dawo da odar dala 5,000. Sai ta tara 'yan mata a gidan mahaifinta, ta jera su a tebur: wannan ta yanka, waccan ta liƙa, ta gaba ta ƙawata. Kowane kati ya ratsa hannaye da yawa, amma babu hannun da ya san wanda za a aika wa.

Wanda ya raba katin da buroshi shi ne Louis Prang, Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Boston. Daga 1875 ya shiga buga katunan Kirsimeti don kasuwar Amurka da fasahar buga launi a kan dutse, inda kowane launi yake da nasa dutsen, kati guda kuma yakan bi ta kan duwatsu masu yawa kafin ya kammala. A farkon shekarun 1880 yana fitar da miliyoyi a shekara. A 1910 wani saurayi ɗan shekara 18, Joyce Hall, ya sauka a Kansas City da akwatunan takalmi biyu cike da katuna, kuma daga nan kamfanin Hallmark ya samo tushe. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, hatta kalmomin gaisuwar ma'aikatan kamfani ne suke rubuta su. Aikin mai gaisuwa ya koma sa hannu da lasar ambulan.

Hatimin akawu

Hatimin roba ya fito ne daga wata duniya dabam, wadda ba ruwanta da gaisuwa. Ɗanyen roba yana narkewa ya yi danƙo a lokacin zafi, ya sandare ya tsage a lokacin sanyi. Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka gasa shi da farar wuta yakan riƙe siffarsa, ya kuma yi rajistar wannan dabara a 1844. A shekarun 1860 aka fara yin hatimi da shi a Amurka, kuma mutane da dama sun yi iƙirarin su ne na farko. Wata riwaya ta ce da 'yar tukunyar da likitocin haƙori suke gasa robar haƙoran roba aka fara gwadawa.

Yadda ake yinsa bai canza sosai ba. Ana danna haruffa ko zane a cikin wani abu mai laushi a sami gurbi, a shimfiɗa ɗanyen roba a kai, a matse da zafi har ya shiga kowane lungu, sannan a yanke a manna a jikin katako. Zanen da ke jikin hatimi a juye yake, sai an buga shi a takarda yake miƙewa.

Kusan shekara ɗari hatimin roba ya yi yana zaman kayan ofis: banki, gidan waya, tashar jirgin ƙasa, kotu. Duk wanda ya taɓa bin layi a sakatariya yana jiran a buga masa "an karɓa" ko "an biya" ya san irin ikon da ke cikin wannan ɗan katako. Amfaninsa shi ne ya maimaita abu guda sau dubu ba tare da akawu ya yi tunani ba.

Masu fasaha ne suka fara yi masa kallon abin wasa. A 1919 Kurt Schwitters, a birnin Hanover na Jamus, ya yi zane-zane da hatiman ofis, yana buga su birkice a kan juna. Daga shekarun 1950 Ray Johnson a New York ya jagoranci wani salo na aika zane ta gidan waya, inda abokai suke ƙara wani abu a kan takarda su tura wa na gaba, kuma hatimi ya zama babban makaminsu, sau da yawa don yi wa hukuma ba'a da kayan aikinta. A shekarun 1970 abin ya sauko daga hannun masu fasaha zuwa gidaje. An kafa Hero Arts a California a 1974 don yin hatimai masu hotuna, littafin The Rubber Stamp Album ya fito a 1978, sannan a 1988 wasu mata biyu 'yan uwan juna suka kafa Stampin' Up!, wanda ya riƙa sayar da kaya ta hanyar tara maƙwabta a falo a koya musu. Daga baya aka samu hatimi garai-garai da ake manna wa a jikin wani abu mai kama da gilashi, mai aiki yana hango daidai inda zai sauke shi.

Abin da hatimi ya bai wa mutane shi ne layi. Wanda bai iya zana fure ba, yanzu yana iya buga shi. Saura launi.

Fenti da ƙaro

Fentin ruwa tsoho ne ƙwarai, amma har zuwa ƙarni na 18 mai zane shi yake niƙa garin launinsa ya kwaɓa. Wajen 1780 William Reeves a Landan ya fara sayar da shi a dunƙule kamar 'yan sabulai, kuma a 1781 ƙungiyar Society of Arts ta ba shi lambar yabo. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, ya ƙara gilisarin a cikin haɗin don fentin ya zauna da danshi, buroshi mai ruwa ya taɓa shi kawai ya ɗauka. Daga nan akwatin fenti ya shiga jakar matafiya da ɗakunan 'yan makaranta.

Abin da ke riƙe garin launi a jikin takarda bayan ruwa ya bushe, abu ne da Bahaushe ya sani tun yana makarantar allo: ƙaro. Shi ne dai wanda malamai suke jiƙawa cikin tawada don ta kama ta yi sheƙi, shi ne kuma a cikin launukan zayyanar allon sauka. Mafi kyawunsa daga itacen dakwara yake fitowa. Bayan damina ta ɗauke ana ɓare ɓawon itacen, a dawo bayan 'yan makonni a tsince ƙwallayen da suka daskare. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, musamman yankin Kordofan, sai Chadi da Najeriya, inda ake samunsa a Borno, Yobe da Jigawa.

Turawa sun daɗe da sanin darajarsa. A ƙarni na 18 masaƙunsu na buga atamfa sun dogara da shi, har cinikinsa yana cikin manyan dalilan da suka sa Ingila ta ƙwace Saint-Louis a bakin kogin Senegal daga hannun Faransa a 1758. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sake tuna wa kamfanonin lemon kwalba, magunguna da fenti inda wannan sinadari yake fitowa. Matar da ke shafa shuɗi a kan kati a Utah ko Osaka, da wuya ta san cewa wani manomi ne a Sahel ya shiga cikin ƙaya ya tsinto abin da ke riƙe launin nata. Ɗanye ake fitar da mafi yawansa, a tace shi a Turai, kuma can ribar mai kauri take tsayawa.

Inda biyun suka haɗu

Haɗa hatimi da fentin ruwa yana da ƙa'idoji, kuma kowace tana da dalili. Tawadar hatimin dole ta kasance wadda ruwa ba ya narkarwa, in ba haka ba layukan za su dagule da zarar buroshi ya taɓa su. Takardar dole ta yi kauri, galibi mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, mafi kyau ta auduga, domin sirirya tana lanƙwashewa idan ta sha ruwa. Fentin ruwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka ana farawa da launi mai haske a bi da mai duhu, farin da ake gani kuma takardar ce aka bari ba a taɓa ba. Idan aka jiƙa takarda kafin a sa launi, sai ya bazu yadda ya ga dama. Idan a busasshiya aka sa, sai ya tsaya inda aka ajiye shi. Wasu kan buga hatimi da tawada mai danƙo, su barbaɗa wani gari, su narkar da shi da zafi, sai layin ya taso ya zama kamar kunya a gona, ya hana launi tsallakawa.

A nan ne hikimar haɗin take. Hatimi yana maimaita kansa daidai, ruwa kuwa ba ya maimaita kansa ko sau ɗaya. Mutum zai buga fure guda a kan kati ashirin, ya shafa musu launi iri ɗaya, amma ba za a sami biyu da suka zama ɗaya ba. Kuskure ma ba ya ɓoyuwa: inda hannu ya yi rawa, ko aka yi gaggawar sa launi na biyu kafin na farko ya bushe, duk suna nan a fili.

Abin da ake aikawa

Kamfanonin kati sun ga raguwar kasuwa tun da intanet da wayar hannu suka yaɗu. A Najeriya, waɗanda suka yi makarantar kwana kafin zuwan GSM a 2001 suna tuna katin Sallah da ake saya a kantin littattafai, da katin da ake cikewa a aika gidan rediyo don a karanto sunayen 'yan uwa da abokai. Yau da asubar ranar Sallah hoton gaisuwa guda yana iya shigo wa mutum sau talatin a WhatsApp, daga mutanen da suka tura wa duk wanda ke cikin wayarsu. Wannan shi ne ƙarshen hanyar da Henry Cole ya buɗe: gaisuwar da ba ta cin mai yinta komai.

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ma'anar ita ce, wanda aka je wa yana auna tafiyar da aka yi dominsa, da ƙurar da ke ƙafar baƙo. Katin hannu yana ɗauke da irin wannan shaida. Hatimin daga masana'anta ya fito, fentin ma haka, takardar ma haka, don haka kiran sa "na hannu" yana da ɗan ƙari a ciki. Abin da mai yi ya zuba daga wajensa shi ne zaɓi da zama: ya tuna wane launi wance take so, ya jira shafin farko ya bushe, ya yar da wanda ya ɓaci ya sake wani. Cole ya biya mai zane da maɗaba'a don ya sayi lokacinsa daga hannun abokansa. Bayan shekara 180, masu hatimi da buroshi suna sayen kayan aiki don su mayar wa abokansu da wannan lokacin.