Tsakanin "Da" Da "Ko": Kundin Tsarin Mulkin Kwaddibuwa Da Matsayin Baƙi A Adjamé Da Treichville

1.0 Gabatarwa

Kundin tsarin mulki shi ne babbar dokar da sauran dokokin ƙasa suke ƙarƙashinta. Abubuwa uku yakan fayyace: yadda za a raba iko tsakanin masu zartarwa da masu yin doka da masu shari'a, yadda ake hawa mulki da yadda ake sauka, sai kuma haƙƙoƙin ɗan ƙasa waɗanda hukuma ba ta da hurumin taɓawa. Amma kafin a ce ɗan ƙasa yana da haƙƙi kaza, tilas a san wane ne ɗan ƙasar. A Kwaddibuwa, wato Côte d'Ivoire, wannan tambaya ta fi kowace tayar da ƙura, har ta kai ga wata ƙaramar kalmar haɗi a cikin kundi ta shiga sahun musabbaban yaƙin basasa. Wannan takarda za ta bi sawun lamarin ta cikin unguwanni biyu na birnin Abijan, Adjamé da Treichville, inda Hausawa da sauran baƙi suka daɗe da zama.

2.0 Unguwannin Biyu

Da Faransawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu Abijan a 1934, sai suka keɓe wa kansu tudun da ake kira Plateau. Baƙar fata aka tura su gefe biyu: Treichville daga kudu, a hayin ruwa, da Adjamé daga arewa, a bayan barikokin soja. An raɗa wa ta farkon sunan Marcel Treich-Laplène, wani jami'in Faransa, ta biyun kuwa asalinta ƙauyen ƙabilar Ebrié ne. Layin dogo da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1951 suka jawo mutane daga ko'ina, Mosawa da Julawa da Yarabawa da Zabarmawa da Hausawa. Shi layin dogon sunansa Abijan-Nijar, amma bai taɓa isa Nijar ba, a Burkina Faso ya tsaya.

Hausawa sun riga Turawa sanin wannan yanki. Fataucin goro ya kai su Bonduku tun da daɗewa, kuma a 1888 Bafaranshe Binger ya tarar da marina Hausawa a garin Kong. Na Abijan yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Nijar, musamman Adarawa, da wasu daga Arewacin Nijeriya. Albasar Galmi a kasuwar Adjamé ake sauke ta, kuma abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da ake kira "garba" ana danganta sunansa da Hausawan da suka shahara da sayar da shi. Fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir, na 1958, wanda Umaru Ganda ya fito a ciki, rayuwar samarin Nijar 'yan dako a Treichville ya nuna.

A Treichville ɗin ne aka kafa jam'iyyar PDCI ranar 9 ga Afrilu 1946. Kwana biyu bayan haka Faransa ta ƙaddamar da dokar haramta aikin tilas, wadda ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. A nan kuma rikicin 6 ga Fabrairu 1949 ya ɓarke, aka kama shugabannin jam'iyyar aka tsare su a Grand-Bassam, abin da ya sa mata suka yi tattaki zuwa can a Disambar shekarar. A wannan gwagwarmaya ɗan gida da baƙo tare suka tsaya, domin duk talakawan Faransa ne. Sai dai ɓaraka ta fara bayyana tun kafin 'yanci: a Oktoban 1958 an far wa 'yan Dahomey da 'yan Togo a Abijan, saboda zargin sun mamaye ayyukan ofis, dubbai suka koma gida.

3.0 Kundin 1960

Ƙasar ta sami 'yanci ranar 7 ga Agusta 1960, aka ƙaddamar da kundinta ranar 3 ga Nuwamba. Tsarin shugaba mai cikakken iko ne: shugaban ƙasa da ake zaɓa duk shekara 5, majalisar dokoki ɗaya, da kotun ƙoli. Kundin Nijar na 8 ga Nuwamba 1960 kusan tagwaye suke da shi, don ƙasashen ƙungiyar Entente tare suka tsara nasu. Sashe na 7 ya halatta kafa jam'iyyu, amma PDCI kaɗai ta yi rawa a fage har 1990. Wannan ya nuna rubutu daban, aiki da shi daban.

Kundin bai bayyana wane ne ɗan ƙasa ba, ya bar wa majalisa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 14 ga Disamba 1961 ta dogara ne a kan jini, wato asalin iyaye, amma ta bar ƙofa a buɗe ga yaron da baƙi suka haifa a cikin ƙasar ya nemi zama ɗan ƙasa ta hanyar shelantawa a gaban hukuma. Kaɗan ne suka yi amfani da wannan dama. Mai sayar da goro a Adjamé bai ga abin da takarda za ta ƙara masa ba, tunda yana ciniki, yana gina gida, ba mai tambayarsa. A 1972 aka toshe ƙofar. Houphouët ya taɓa kawo shawarar 'yan ƙasashen Entente su riƙe shaidar ƙasa biyu, amma ma'aikatan ƙasar suka ƙi, ya janye a 1966. Duk da haka ya bar baƙi 'yan Afirka suna jefa ƙuri'a, har a zaɓen jam'iyyu da yawa na Oktoban 1990 wanda ya kara da Laurent Gbagbo, inda 'yan adawa suka riƙa kiransu garken zaɓe. Ke nan baƙon Treichville yana da ƙuri'a, amma da alfarmar mutum ɗaya yake jefa ta, kundi bai ba shi ba. Kuma alfarma takan bi mai ita kabari.

4.0 Sashe Na 35

Tun kafin rasuwar Houphouët ranar 7 ga Disamba 1993 iska ta fara juyawa. Farashin koko ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe, sai aka ƙirƙiro katin izinin zama na baƙi a 1990, aka fara aiki da shi a 1991 lokacin Alassane Ouattara yana firaminista. Katin ya zama hanyar tatsar baƙi a shingayen bincike, kuma ya shafi 'yan arewacin ƙasar ma, domin mai suna Kone ko Tarawure, mai doguwar riga, ba a rarrabe shi da ɗan Mali da ido. Henri Konan Bédié, wanda ya gaji mulki bisa sashe na 11 a matsayinsa na shugaban majalisa, shi ya yayata aƙidar ivoirité, wato zama tantagaryar ɗan ƙasa. Dokar zaɓe ta 1994 ta ƙwace ƙuri'a daga hannun baƙi, dokar filaye ta 1998 kuma ta keɓe mallakar gonakin karkara ga 'yan ƙasa. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mutum miliyan 15.4 baƙi ne, alhali kusan rabinsu a ƙasar aka haife su.

Bayan juyin mulkin Janar Robert Guéï na 24 ga Disamba 1999 aka zauna rubuta sabon kundi. A nan ɗalibin harshe zai so ya dakata. Daftarin ya ce mai neman shugabanci sai ya kasance uwarsa ko ubansa ɗan asalin ƙasa ne. A Faransanci kalmar ita ce ou, wato "ko". Ana saura 'yan kwanaki a yi ƙuri'ar raba gardama ta 23 da 24 ga Yuli 2000, Guéï ya sa aka maye gurbinta da et, wato "da". A Hausa ma bambancin a fili yake: wanda aka ce ya zo da uwa ko uba ɗaya ya wadatar, wanda aka ce ya zo da uwa da uba kuwa sai ya haɗa biyun. Sashe na 35 ya ƙara da cewa kada ɗan takara ya taɓa amfani da shaidar wata ƙasa. Kowa ya san Ouattara ake nufi, wanda abokan hamayyarsa ke cewa asalinsa Burkina Faso ne. Abin mamaki, jam'iyyarsa ta RDR ma ta nemi magoya bayanta su amince, kundin ya wuce da fiye da kashi 86 cikin ɗari.

Wata matsalar kuma tana cikin kalmar "ɗan asali". Iyayen duk wanda ya kai shekara 40 a lokacin an haife su ne kafin a san wata ƙasa mai 'yanci da wannan suna, kuma daga 1932 zuwa 1947 babban ɓangaren Burkina ta yau yana haɗe da Kwaddibuwa a ƙarƙashin gwamna ɗaya. To, da wane ma'auni za a auna asalinsu? Kundin bai faɗa ba.

Ba za a hana kundin 2000 yabonsa ba. Babinsa na farko gaba ɗaya a kan haƙƙoƙi da wajibai ne, kuma ya soke hukuncin kisa. Amma sashe ɗaya ya rinjayi sauran. A Oktoban 2000 kotun ƙoli ta soke takarar mutum 14 cikin 19, har da Ouattara da Bédié. Bayan zaɓen da ya kawo Gbagbo aka gano gawa 57 a Yopougon. Ranar 19 ga Satumba 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu, kuma a Abijan aka bi unguwannin marasa galihu, inda baƙi suka fi yawa, ana rusawa. Yarjejeniyar Linas-Marcoussis ta Janairun 2003 ta nemi a gyara sashe na 35, ba a gyara ba. A 2005 sai Gbagbo ya yi amfani da ikon gaggawa na sashe na 48 ya ba Ouattara damar takara, a 2007 kuma ya soke katin zama ga 'yan ƙasashen ECOWAS. A zaɓen 2010 hukumar zaɓe ta ba Ouattara kashi 54, Majalisar Tsarin Mulki, wadda shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta, ta soke ƙuri'un wasu yankunan arewa ta ba Gbagbo kashi 51. Kimanin mutum 3,000 suka mutu kafin a kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011, cikinsu har da 'yan Nijar da Mali da Burkina da aka tare a shingaye saboda sunayensu.

5.0 Kundin 2016

Kundin da ake aiki da shi an ƙaddamar da shi ranar 8 ga Nuwamba 2016, bayan ƙuri'ar da 'yan adawa suka ƙaurace wa. Ya kawo muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, da majalisar dattawa wadda shugaban ƙasa ke naɗa sulusin 'ya'yanta, da majalisar sarakunan gargajiya. Sashe na 55 ya dawo da "ko", ya rage shekarun takara zuwa 35. Wa'adi biyu ya tanada, amma Majalisar Tsarin Mulki ta ce da sabon kundi lissafi ya koma farko, don haka Ouattara ya sake tsayawa a 2020 da 2025.

Gyaran "da" zuwa "ko" ya shafi masu neman kujerar shugabanci ne kawai. Jikan Ba'adaren da aka haifa a Adjamé, wanda Julanci da Faransanci suka fi Hausa zama a bakinsa, har yanzu dokar 1961 ce ke yanke masa hukunci. Ba ya zaɓen magajin garin Adjamé, ko da kuwa harajin rumfarsa na shiga asusun ƙaramar hukumar, kuma sashe na 12 na sabon kundin ya ɗauko hanin mallakar gonar karkara ya saka shi cikin babbar doka. A 2013 an kafa dokar wucin gadi da ta sake buɗe ƙofar shelantawa ga waɗanda suka cancanta kafin 1972, ƙasar kuma ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1954 da 1961 kan mutanen da ba su da ƙasa. Sai dai neman yana buƙatar takardar haihuwa, wadda da yawa daga cikin masu buƙatar ba su taɓa mallaka ba. Ƙidayar 2021 ta ce kashi 22 cikin ɗari na mutum miliyan 29.4 ba 'yan ƙasa ba ne.

Dokar 1961 ba talaka kaɗai take kamawa ba. A Afrilun 2025 wata kotu a Abijan ta cire Tidjane Thiam, shugaban PDCI kuma jikan 'yar'uwar Houphouët, daga rajistar masu zaɓe. Hujjarta ita ce sashe na 48 na dokar, wanda ya ce baligin da ya karɓi shaidar wata ƙasa ya rasa ta Kwaddibuwa, shi kuwa Thiam ya karɓi ta Faransa a 1987.