Abdoulaye Mamani da Sarauniyar Lugu

A Yamai yau babu wanda bai san sunan Sarauniya Mangu ba. Akwai gidan rediyo da talabijin da ke ɗauke da sunan Sarauniya, ɗalibai suna jin labarinta a aji, ƴan siyasa suna ambatonta duk lokacin da aka zo maganar ƴancin ƙasa. Kafin 1980 kuwa, labarinta bai wuce ƙasar Arewa da kewayen Dogon Dutsi sosai ba. Mutum ɗaya ne ya ɗauko ta daga bakin tsofaffi ya kai ta gaban duniya, wato Abdoulaye Mamani. Abin da nake son nunawa shi ne, ba za a fahimci littafinsa ba sai an karanta shi tare da rayuwar mai shi.

An haifi Mamani a Gudumariya a 1932, ya tashi a Damagaram. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya bi Djibo Bakary cikin jam'iyyar Sawaba, wadda ta nemi jama'a su ƙi tayin De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Sawaba ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, ƴaƴanta suka watse. Mamani ya yi gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya yana aikin jarida da rediyo, a lokacin kuma ya fitar da kundin waƙoƙinsa Poémérides a 1972. Bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a 1974 ya dawo gida, amma ba a jima ba aka tsare shi, ya shafe shekaru a kurkuku. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito a Paris.

Kashin bayan labarin gaskiya ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi Tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana kashe bayin Allah. Abin da ta yi wa Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. A watan Afrilu ta isa Lugu, garin Azna, inda mutanen Sarauniya suka tare ta da kwari da baka, sannan suka janye cikin daji. Watanni uku bayan haka Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, sannan shi da Chanoine su ma sojojinsu suka kashe su. Takardun Faransawa ba su ba Lugu wuri mai yawa ba. A wurin Azna kuwa, Sarauniya sarauta ce ta gado da ta shafi tsafi da neman albarkar ƙasa, mai riƙe da ita tana zaune a keɓe.

Mamani ya ɗauki wannan ɗan abin ya gina mace jaruma. Ya ba ta uban goyo, Dawa, wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Ya sa ta tsaya gaban mayaƙanta tana yi musu jawabi, ya sa garinta ya zama mafakar duk wanda aka kora, ba a tambayarsa yare ko addini. Sarakunan da ke kewaye da ita kuwa, wasu tsoro ya kama su, wasu sun ga dama ce ta huce haushi a kan arniyar da ta gagare su. Wanda ya san tarihin 1958 zai gane waɗannan fuskoki, domin a shekarar sarakunan gargajiya da yawa sun mara wa Faransa baya. A ganina, Lugu ta littafin ita ce Sawaba, amma Sawabar da ba ta faɗi ba. Marubucin Bangal Bankim Chandra Chattopadhyay ya yi irin wannan a Anandamath na 1882, inda ya mayar da wani tsohon tawaye ya zama abin zaburar da masu ƙin mulkin Ingila.

Masana irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni sun nuna tazarar da ke tsakanin Sarauniyar Lugu da ta Mamani, kuma aikinsu yana da amfani ƙwarai. Sai dai ban yarda a ɗora wa marubucin laifin wannan tazara ba. Ƙagaggen labari ya ce ya rubuta. Mu ne muka mayar da shi littafin tarihi, musamman bayan Med Hondo ya yi fim ɗinsa a Burkina Faso a 1986, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Daga nan hoton mace mai kwari a kafaɗa ya rufe na macen da ke tsaron al'adar kakanninta, har mutanen Lugu suka zama baƙi a labarin kansu.

Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar Boubou Hama. Jarumarsa ta yi suna, shi kuwa kaɗan ne ke tuna waƙoƙinsa da shekarunsa na hijira da ɗauri. Kirana ga malaman adabi a Yamai da Damagaram da Maraɗi shi ne su koyar da Sarraounia tare da tarihin Sawaba, su kuma tura ɗalibansu Lugu su ji labarin da Hausa daga bakin masu shi.