Baƙon da ke Bakin Ƙofa: Koyar da Sadarwa Tsakanin Al'adu a Jami'o'in Zamfara

A shekarar 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, mazauninta kuma yana gefen hanyar Zariya, kusa da ƙauyen Sabon Gida. Kamar kowace jami'ar tarayya, ɗalibanta daga sassan ƙasa suke: ɗan Tsafe na zama benci ɗaya da ɗan Ilori, 'yar Bungudu na kwana ɗaki ɗaya da 'yar Binuwai. A tsarin jami'o'in Najeriya kuwa, kowane ɗalibi sai ya bi ta darussan gama-gari, cikinsu har da wanda ya shafi al'ummomin ƙasar da al'adunsu. Ra'ayina shi ne, yadda aka saba koyar da wannan darasi labarin mutane kawai yake ba ɗalibi, ba ya koya masa yadda zai yi zance da su. Ba na jin akwai jihar da wannan giɓi ya fi yi wa tsada kamar Zamfara.

Duk wanda ya ratsa jami'a ya san yadda abin yake. Ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, malami da lasifika, a ƙarshe jarrabawar zaɓi-ɗaya a kwamfuta. Ɗalibi ya haddace Oduduwa da Bayajida da gumakan Nok, ya ci maki, ya koma ɗaki bai san dalilin da abokin ɗakinsa ya daina yi masa magana ba. Abin da ya faru ƙarami ne. Ɗan kudu ya nemi rance, Bahaushe ya sunkuyar da kai ya ce, "To, bari mu gani, Allah ya hore." A wurinsa ya riga ya ce babu, cikin sutura. Shi kuwa wancan ya ji alkawari, ya zauna jira. Ranar da Bahaushen ya nemi aron littafi aka dube shi ido cikin ido aka ce ba za a bayar ba, sai ya ji kamar an mare shi. Wannan ya tafi da cewa Hausawa ba sa cika magana, wancan ya tafi da cewa 'yan kudu ba su da kunya, alhali kowannensu ladabin gidansu ya yi.

Akwai fannin ilimi da aka gina domin irin wannan. Edward Hall, wanda ya horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, shi ya aza harsashinsa da littafinsa na 1959, ya kuma bambance daga baya tsakanin al'ummar da ke faɗin komai ƙarara da wadda ke barin rabin magana ga yanayi da fuska. Wannan rabe-rabe yana da amfani, ya ma fassara rikicin ɗaliban nan biyu. Sai dai fannin an haife shi ne domin matafiyi mai tsallaka teku. Geert Hofstede, da ya auna al'adu ta hanyar ma'aikatan kamfanin IBM, Najeriya da Gana da Saliyo ya haɗa a ma'auni guda da sunan Afirka ta Yamma. Ma'aunin da bai raba Legas da Akara ba, ina zai ga abin da ke tsakanin manomin Kwatarkwashi da makiyayin da ke sauka bayan gonarsa?

Nan ne maganar take. Zamfara ba baƙuwar cuɗanya ba ce. Tun da layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, cinikin gyaɗa da auduga ya janyo Yarbawa da Inyamurai da Kwarori, Sabon Gari ya cika. Sarautun yankin ma shaida ne: Sarkin Katsinan Gusau, Sarkin Fulanin Bungudu, 'Yandoton Tsafe, kowanne na ɗauke da tarihin wata ƙaura ko wani haɗuwar jinsi. Amma ɓarakar da ta fi cin rayuka a shekarun nan tsakanin maƙwabta take, mutanen da suka daɗe suna musayar nono da hatsi, da karan gona da takin shanu. Kusan kowane makiyayi a nan yana jin Hausa, wasu ma sun fi sakewa da ita, Bahaushen da ke jin Fillanci kuwa sai an tona. Wannan harshe guda da ake magana da shi yana ruɗar mu, muna zaton mun fahimci juna. Makiyayi ya tsaya gaban hukuma kan ɓarnar gona, ya yi shiru, ya kau da kai, domin tarbiyyar pulaku ta Fulani ta hana shi nuna zafi ko roƙo a bainar jama'a. Mai shari'a ya ɗauki shirun girman kai ne, ko amsa laifi. Aka tambaye shi yawan shanunsa, abin da ba a tambaya a ruga, ya ba da amsa a dunƙule, aka rubuta maƙaryaci ne. Shi ma manomi yana da nasa abin da ba a ji ba: gonar da ake kira burtali, shi a wurinsa nan kabarin wahalar ubansa yake.

Za a ce da ni, kuma da hujja, ta'addancin 'yan bindiga ba rashin fahimtar al'ada ba ne. Akwai safarar makamai, akwai zinare, akwai talauci da zalunci da kuɗin fansa. Waɗanda suka shiga Sabon Gida a watan Satumba na 2023 suka kwashe ɗalibai, akasarinsu mata, ba darasi suka rasa ba, hukunci ya kamace su. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma jami'a ba ɗan bindiga take yayewa ba. Alƙali take yayewa, da jami'in ɗan sanda, da ma'aikaciyar asibiti, da sakataren ƙaramar hukuma, da ɗan jaridar da zai zaɓa tsakanin kiran mai laifi da laifinsa ko kiransa da ƙabilarsa. A teburan waɗannan mutane ne ƙaramin ƙorafi ke mutuwa ko ya girma ya zama gaba.

Ƙofa a buɗe take. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Jami'ar Gusau da ta jiha da ke Talatar Mafara za su iya cike wani ɓangare na wannan gurbi da darasin da kayan aikinsa na gida ne. Ba sai an tura ɗalibi daji ba, halin tsaro ma bai bari. A gayyato arɗo da sarkin noma cikin aji, a ba su kujerar malami. A tura ɗalibai kara su zauna kusa da dillalin shanu, su ga yadda yake jan mai saye gefe, ya koma ya rage murya wurin mai dabba, ya juya "albarka" har ta zama "na sallama" ba tare da ɗayansu ya ji an ci fuskarsa ba. Wannan mutum gwanin fannin ne, ko da bai taɓa jin sunan Hall ba. A karanta tarihin 'Yandoto, garin malaman nan na kusa da Tsafe da Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a farkon jihadi bayan, a ruwayarsa, sun ƙi zaman muhawara, a kuma tambayi ɗalibai yadda labarin zai kasance da ta bakin 'Yandotawa aka ji shi. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa shi ma abin nazari ne, har da iyakarsa, don wasan da ke sanyaya zuciya lokacin lafiya yana iya zama zagi idan an zubar da jini.

Jarrabawar ce za ta fi wuya. Iya sauraro ba ya aunuwa da zaɓi-ɗaya. Sai an haɗa ɗalibai biyu-biyu daga gidaje mabambanta, kowanne ya rubuta yadda ɗan'uwansa ke kallon wata matsala, ba kuma za a ba shi maki ba sai wanda aka rubuta a kansa ya ce lalle haka yake nufi. Wannan na bukatar ƙananan rukunoni, da ɗaliban digiri na biyu masu taya malami dubawa, da aƙalla zangon karatu guda na Fillancin gaisuwa da ciniki. Kuɗi ne da lokaci, kuma majalisar malaman jami'a ce ke da ikon ware su.